Matsayin wuya a gasar ninƙaya

Wuyan ɗan Adam yana da ƙasusuwa 7, waɗanda likitoci ke kira C1 zuwa C7, kuma su ke ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo 5. Ɗan wasan ninƙaya yana juya wannan wuya ɗaruruwan lokuta a atisaye guda, shi ya sa ƙaramin kuskure a yadda yake riƙe kai kan zama ciwo.

Ƙa'idar ita ce kai, wuya da gadon baya su tsaya a layi ɗaya. A salon rarrafe, wato ninƙaya a kife ana miƙa hannu ɗaya bayan ɗaya, ido yana kallon ƙasan tafki ne, ruwa kuma ya tsaya a tsakar kai. Da zarar an ɗaga kai don duban gaba, ƙugu da ƙafafu sai su nutse, gudu ya ragu, tsokokin ƙeya su yi ta ɗaurewa. Wurin shan iska ne aka fi yin ɓarna: kamata ya yi kafaɗu da ƙugu su mirgina tare da kai, gilashi ɗaya na tabarau yana cikin ruwa. Wanda ke murɗa wuya shi kaɗai, kuma kullum gefe guda, yakan samu sanƙarewa a ɓangare ɗaya. Shan iska bayan kowane bugun hannu 3 yana raba aikin tsakanin dama da hagu.

A salon kwaɗo da na malam-buɗe-littafi, ƙirji ne ya kamata ya ɗago kai, haɓa tana kusa da ruwa. Allon da ake riƙewa da hannu yayin atisayen ƙafa ma yana da laifinsa, domin yana sa a daɗe da kai a ɗage.

Haɗari mafi muni shi ne tsunduma da ka a ruwa marar zurfi. Idan kai ya bugi ƙasa, ƙasusuwan wajen C5 da C6 kan karye, laka ta taɓu, jiki ya shanye. Hukumar wasannin ruwa ta duniya, World Aquatics, wadda ake kira FINA har zuwa ƙarshen 2022, ta wajabta zurfin aƙalla mita 1.35 a gaban dakalin da ake tsalle daga kansa a farkon tsere.

Don ƙarfafa tsokokin gaban wuya, ana jan haɓa ciki a riƙe na daƙiƙa 5 zuwa 10, sau 10. Ciwon da ke sauka zuwa hannu, mutuwar yatsu ko raunin riƙo alama ce ta danne jijiya. A nan sai a dakatar da atisaye a ga likita.