Tantance tsabar kuɗin Daular Rum

Tantance tsabar kuɗin Rum shi ne binciken da masana ke yi don raba na gaske da jabu. Tushen aikin sanin yadda Rumawa ke ƙera kuɗinsu. Ban da wasu manyan kuɗin tagulla na farkon zamani, ba zubi suke yi ba, bugawa suke yi. Maƙeri zai ɗora ɗan faifan ƙarfe tsakanin hatimi biyu da aka sassaƙa da hannu, ya maka guduma. Shi ya sa kuɗin gaske ba ya cika da'ira, hoton sarki kan karkace, kuma akan ga siraran layuka inda ƙarfen ya bazu. Idan aka sami guda biyu da suka yi daidai har a tsagewar baki da wurin gogewa, to aƙalla ɗaya jabu ne.

Jabun zubi ya fi saurin tonuwa. Yakan bar layin haɗi a gefe, ko alamar zarto inda aka goge layin, da ƙananan ramuka na kumfa, rubutun kuma ya fito a dushe.

Sai ma'auni. Dinarin azurfa, wanda aka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kai kusan giram 3.9 a zamanin Sarki Augustus, Sarki Nero kuma ya rage shi zuwa wajen 3.4 a shekara ta 64 bayan haihuwar Annabi Isa. Ana gwada sinadaran ƙarfen da na'urar XRF, mai amfani da hasken X-ray, ba tare da an kankare shi ba, sannan a duba hoto da rubutu a Roman Imperial Coinage, kundin da ya jera kuɗin sarakunan Rum.

Masu wahalar kamawa su ne waɗanda suka sassaƙa hatiminsu suka buga kamar Rumawa. Giovanni da Cavino na birnin Padua a Italiya ya yi haka a ƙarni na 16, Bajamushe Carl Wilhelm Becker (1772–1830) ya biyo baya, aikinsu ma yanzu ana sayensa don kansa. A nan ma'auni kaɗai ba ya isa, sai idon da ya saba da salon kowace maƙera, da kuma tarihin hannayen da kuɗin ya ratsa.

Akwai kuma jabun da ya girmi duk waɗannan. Tun a zamanin Rum ɗin ana lulluɓe tagulla da fallen azurfa a shigar da ita kasuwa. Irin wannan masana na lissafa shi cikin kayan tarihi, gidajen tarihi kuma suna adana shi.