Bakkale: zazzabin da aka gano tun 1887, mu har yau maganin maleriya muke sha a kansa

Cutar nan da Fulani ke kira bakkale, likitoci su ce burusela, tsohuwa ce sosai. A 1887 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya gano kwayar a saifar sojojin da zazzabi ya kashe a tsibirin Malta, amma ta ina take shiga jikin mutum shine aka dade ana lalube, sai a 1905 wani likita dan tsibirin mai suna Zammit ya gano ashe awakin da ake tatsa a kofar gida ne, akuya ka ganta garau amma nononta dauke da cutar. Aka hana sojoji shan danyen nonon akuya a 1906, zazzabin ya ragu kwarai a barikin. Kafin nan ma a 1897 wani likitan dabbobi a Denmak, Bang, ya riga ya gano irinta a jikin shanu masu yin bari.

To mu dawo gida Kumasi. Shanun da ake saukewa a mayankar Kaase daga arewa suke zuwa, wasu tun daga Burkina da Mali, kuma su waye ke yanka da fida? Yaranmu ne na unguwannin Aboabo da Asawase, hannu tsirara cikin jini da kayan ciki da mahaifa, dan yankan wuka a yatsa ya isa kwayar ta shiga. Sai nonon da ba a tafasa ba. Wagashi, wato cukun nono, dai da sauki tunda sai an dora madarar a wuta.

Abinda ke ci min rai shine yadda take cinye aljihu a boye. Zazzabi ya zo ya tafi ya dawo, gumin dare, ciwon baya da gwiwa, wani ma marainansa su kumbura, mutum ya je kemis ya sayi maganin maleriya, ya koma a ce taifot ne, ya koma wajen mai jike-jike, wata da watanni kudi na zuba ba a taba cutar ba, ga mahauci ran da bai fita ba babu cefane a gidansa. Alhali in an yi gwajin jini an gano ta, magani kala biyu ake hadawa, doxycycline da rifampicin, sati 6 cur, wanda ya yanke a tsakiya kuma tana iya dawo masa. Makiyayi shima yana nasa kukan, saniya tayi bari, ba maraki, nono ya ja baya.

Har yau babu rigakafin mutane, na dabbobi ne kawai. Ostireliya ta raba shanunta da cutar a 1989 ta hanyar allura da gwaji da yanka masu dauke da ita tana biyan diyya, mu kuwa garke na tsallako iyakar Burkina ta garin Paga, kuma ban ga makiyayin da zai mika saniyarsa a yanka ba in ba a biya shi ba.