Claire Denis da Afirkar da Ta Taso a Ciki

A Faris aka haifi daraktar fina-finai Claire Denis a 1946, amma a Afirka ta yi wayo. Mahaifinta ma'aikacin gwamnatin mallaka ta Faransa ne, inda duk aka tura shi nan iyali ke bi: Kamaru, Jibuti, Senegal da ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso. Wannan ƙuruciya ce ta bi ta har cikin sana'arta.

Ba ta yi gaggawar zama darakta ba. Bayan ta gama makarantar koyon fim ta IDHEC, ta shafe shekaru tana mataimakiya ga daraktoci irin su Wim Wenders da Jim Jarmusch. Sai da ta haura arba'in ta fitar da fim ɗinta na farko, Chocolat, a 1988, kuma nan take ya shiga gasar bikin fina-finai na Cannes a Faransa.

Labarin yana faruwa ne a Mindif, kusa da Marwa a arewacin Kamaru, daf da ƙarshen mulkin mallaka. Ga wata yarinya, ɗiyar kwamanda, mai suna France, ga kuma yaron gidansu Protée, wanda Isaach de Bankolé ya fito a matsayinsa. Shi ke ɗaukarta a kafaɗa, shi ke koya mata kalmomin yarensa, amma wanka sai a waje, a sarari, yayin da matar gida ke da ɗakin wankanta. Kusa da ƙarshe ya damƙi bututun janareta mai zafi bai ko motsa fuska ba, yarinyar ta kwaikwaye shi, tafin hannunta ya ƙone. Bai ce uffan ba, ya juya ya shige duhu. A ganina wannan wurin ya faɗi abin da dogon jawabi kan mulkin mallaka ba zai faɗa ba. Denis ba ta yi da'awar shiga zuciyar Protée ba. Daga cikin gidan Turawa take kallo, inda ita kanta ta taso, kuma ba ta wanke gidan ba.

Haka salonta ya ɗore: magana kaɗan, sai kallo da motsin jiki, yawanci da kyamarar Agnès Godard. A 1996 fim ɗinta Nénette et Boni ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Locarno. A 1999 ta koma Jibuti ta yi Beau Travail, kan sojojin rundunar baƙi ta Faransa da ke atisaye a rana da gishiri, babu yaƙin da za su yi, sai hassada mai cin wani saje. Masu sharhi sun sa shi na bakwai a zaɓen fina-finai mafi kyau a tarihi na mujallar Sight and Sound na 2022.

Ta sake komawa Kamaru ta ɗauki White Material, wanda ya fito a 2009, wanda kuma ta rubuta tare da marubuciya Marie NDiaye. Isabelle Huppert ce ta fito a matsayin Baturiya mai gonar kofi da ta ƙi guduwa duk da yaƙin basasa ya iso ƙofa, tana ganin ƙasar tata ce.

Manyan lambobin yabo sun yi jinkiri. A 2022, tana da shekara saba'in da 'yan kai, ta karɓi kyautar gwarzuwar darakta a bikin fina-finai na Balin, bayan wata uku kuma fim ɗinta Stars at Noon ya raba kyauta ta biyu mafi girma a Cannes da wani fim na ƙasar Beljiyam.