Karɓi wayar nan daga hannun yaron

Kusan duk ranar awon yara sai wata ta ja ni gefe: "Malama, ya shekara biyu har yanzu bakinsa bai buɗe ba." Ina dubawa sai in ga yaron a cinyarta, waya a hannunsa, yatsa na ta shafar gilashi. In kira sunansa, ko ɗago kai ba ya yi. Haba baiwar Allah! A bakin wa zai koyi magana, naki ko na katun?

Dubi yadda ake yi kafin zuwan irin wayar nan. A Ingila zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, da daddare uwa kan zauna kusa da murhu, a hasken kyandir ko fitila, yara kewaye da ita tana karanta musu littafi a bayyane. Ran Lahadi kuwa Baibul ne. Labarai ma kashi-kashi ake buga su wata-wata, gida duka a yi ta ɗokin na gaba. Kada ki ce min ai su 'yan boko ne. Wajen 1840 kusan rabin amaren ƙasar ba sa iya rubuta sunansu a rajistar aure, alama suke yi, kuma sai 1880 aka wajabta sa yara a makaranta. Wanda ya iya karatu a gida shi ke karanta wa saura.

Ba dukansu ne suka kyauta ba. Akwai jariran da ake ɗura wa Godfrey's Cordial, wani ruwan zaƙi mai ofiyom, ƙwaya mai sa maye da barci, don su yi shiru uwa ta tafi masaƙa. Wasu ba su farka ba. Waya ba ta kisa haka, amma niyyar ai ɗaya ce: ya yi shiru in sarara.

Na san gajiya, ni ma uwa ce. Ga girki, ga wanki, ga goyo. Amma wayar nan, wayar nan! Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kada ya wuce awa ɗaya a rana, a yi masa karatu da labari.

To:
Bayan isha'i, waya a jaka.
Littafi mai hoto, ki nuna, ki faɗi suna, ki jira ya maimaita.
Ba ki iya karatu? Yayarsa ta karanta, ko ki yi masa ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi ba su mutu ba.

In kuma kina kiransa ba ya juyowa ko ba waya a hannunsa, kawo shi mu duba kunnensa, kada ki jira awon wata mai zuwa.