Waiwaye: Soyayyar Mutum da Aljan, Daga Wasiƙar Mutanen Yaman Zuwa Littattafan Waya

Muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a 'yan shekarun nan a kan labaran soyayya da ake rubutawa a intanet, waɗanda a cikinsu budurwa ko bazawara take kamuwa da son aljani ko wata halitta da ba ta tsufa, tare da finafinan Indiya da Sin da Koriya masu irin wannan jigo da ake fassarawa zuwa Hausa. Iyaye suna kukan cewa ana cusa wa 'ya'yansu mata son abin da babu shi, wasu masu wa'azi suna ganin ana buɗe wa aljanu ƙofa, marubutan kuwa suna cewa ƙagaggen labari ne kawai. Duk da saɓaninsu, ɓangarorin sun haɗu a kan zato guda, wato cewa al'amarin ya shigo ne tare da babbar waya, alhali kuwa ya girmi wayar da dubban shekaru.

Girkawan dauri suna da labarin Tithonus, wanda abar bautarsu ta alfijir ta roƙa masa rai marar ƙarewa amma ta manta ta roƙa masa ƙuruciya, sai ya yi ta tsufa yana ƙanƙancewa har ta kulle shi a ɗaki. A Indiya, tun a waƙoƙin Rigveda ake ambaton sarki Pururavas da matarsa ta sama, Urvashi, wadda ta ɓace a daren da walƙiya ta haska shi ta gan shi babu sutura, abin da ta gindaya masa sharaɗin kada ya faru. Mutanen Sin har gobe suna bikin ranar 7 ga wata na 7 na kalandarsu, ranar da makiyayi yake ganin matarsa masaƙiyar sama sau ɗaya tak a shekara. Larabawa su ma suna da nasu, domin shahararren marubuci Jahiz, wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira, ya kawo labarin Amru ɗan Yarbu'u da ya auri aljana, aka gargaɗe shi kada ta ga walƙiya, ya riƙa rufe mata fuska duk lokacin da hadari ya taso, har ranar da ya yi sakaci ta gani ta tashi sama ta bar masa 'ya'ya. Abin lura ne cewa walƙiya ce ta raba aure a Indiya da ƙasar Larabawa baki ɗaya. A gida kuwa, wanda ya tashi yana jin tatsuniya ya san yarinyar da ta rantse ba za ta auri mai tabo ba, har dodo ya aro jikin mutum ya zo ya ɗauke ta. Kusan duk waɗannan labarai da rabuwa suke ƙarewa, kuma ko Hasan na Basra a cikin Dare Dubu da Ɗaya, wanda ya yi sa'ar dawo da matarsa daga tsibiran Waƙ Waƙ, mafi yawan labarinsa kuka ne da tafiya.

Akwai gaɓa guda da masu muhawarar yau ba su cika waiwayarta ba, ga shi kuwa ita ce ta fi kusa da mu. An ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sun rubuta wa Imam Malik, wanda ya rasu a shekara ta 179 bayan hijira, cewa ga wani aljani yana neman auren wata yarinya a cikinsu, yana cewa halal yake so. Amsar da aka jingina masa ita ce ba ya ganin laifi a cikin hakan ta fuskar addini, amma yana ƙin a wayi gari a ga mace da ciki, a tambaye ta wane ne mijinta, ta ce aljani ne, sai ɓarna ta yawaita. Wanda ya karanta wannan amsa a tsanake zai ga cewa malamin bai tsaya yana jayayya a kan siffar aljanin ko gaskiyar maganarsa ba. Hankalinsa ya tafi ne kan mutane, da kuma yadda sunan aljani zai iya zama mayafin da ake lulluɓe abin da ba a iya faɗa a fili. Tun ƙarni na biyu na hijira ke nan aka gane cewa idan an ce aljani ya shiga tsakani, sau da yawa akwai wani labari na 'yan Adam da aka binne a ƙarƙashinsa.

Daga nan maganar ta tashi daga hirar dare ta shiga littattafan fiƙihu. Alƙali Badruddin Shibli, wanda ya rasu a shekara ta 769 bayan hijira, ya faɗa da bakinsa cewa wata tattaunawa a kan yiwuwar auren aljan ce ta sa shi rubuta littafinsa Akamul Marjan, inda ya kawo wancan labari na Malik tare da ra'ayin magabata irin su Hasanul Basri da Ƙatada da suka ƙi irin wannan aure. A cikin wancan ƙarni ne kuma malamin fiƙihu Jamaluddin Isnawi ya aika wa alƙalin Hama, Sharafuddin Barizi, jerin tambayoyi masu ban mamaki. Ya tambaya ko mijin aljana zai iya tilasta mata zaman gida, ko zai iya hana ta rikiɗa zuwa wata siffa da ba ta mutum ba, ko zai gaskata ta idan ta zo masa da wata fuska ta ce ita ce, ko za a dogara da maganarta a kan waliyyinta, har ma ko wajibi ne ya nemo mata abincin da jinsinta suka saba da shi, kamar ƙashi. Barizi ya amsa cewa auren bai halatta ba, yana kafa hujja da ayoyin Suratun Nahli da Suratur Rum da suka ce Allah ya halitta mana matan aure daga jinsinmu. Daga baya Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a shekara ta 911 bayan hijira, wanda kuma ya taɓa aika wasiƙar nasiha ga sarakunan Katsina da Agadas, ya taƙaita littafin Shibli, kuma sunansa ba baƙo ba ne a zaurukan karatu na ƙasar Hausa.

Malaman sun yi aikin da ya hau kansu, domin aikin fiƙihu shi ne waliyyi da ciyarwa da nasabar ɗa. Sai dai a cikin tambayoyin Isnawi, har da ta ƙashi, babu wadda ta taɓo abin da tsofaffin labaran suka fi damuwa da shi, wato halin wanda aka tafi aka bari. Aƙidarmu ta tabbatar da cewa aljanu ma suna mutuwa, Allah kaɗai ne mai wanzuwa, amma an daɗe ana ɗaukarsu masu tsawon rai ƙwarai, saboda haka ɗaya daga cikin masoyan biyu dole ya ga tsufan ɗayan da kabarinsa. Wannan ɓangare na kewa da baƙin ciki bai sami gurbi a littafin hukunci ba, tatsuniya da ke ɗauke da shi kuma ta riƙa ja da baya.

Abin da ya cike gurbin a wajenmu shi ne harshen cuta da magani. 'Yan bori, daga Kano har Maraɗi, sun daɗe suna neman sulhu tsakanin iska da dokinta ta hanyar girka, a zauna tare bisa sharuɗɗa. Daga tsakiyar shekarun 1990 kuwa ruƙiyya ta bazu, kasa-kasai masu ɗauke da hira da aljanu suka shiga kasuwa, kalmomi irin su jinnul ashiƙ da namijin dare da macen dare suka zama ruwan dare, aka riƙa danganta musu jinkirin aure da mutuwarsa da mafarkin saduwa. Mutane da yawa sun shaida cewa sun sami sauƙi ta wannan hanya, kuma ba a raina karatun Alƙur'ani ga mai damuwa. Amma a nan ne tsoron da aka jingina wa Malik ya dawo da wata fuska, domin sunan aljani ya sake zama hanyar faɗar abin da kunya ta hana a kira da sunansa.

Matar da mijinta ya rasu tana yin takaba wata 4 da kwana 10, gida yana cika da masu gaisuwa a kwanakin farko, kowa yana ce mata ta yi haƙuri, sannan jama'a su watse. Idan bayan shekara guda tana ganinsa a mafarki, tana kewar muryarsa da kusancinsa, da wuya ta sami wanda za ta faɗa wa haka ba tare da an yi mata kallon marar kunya ko marar tawakkali ba, amma idan ta ce namijin dare ne yake zuwa mata, nan take za a tausaya mata a nemo mai magani. Haka abin yake ga budurwar da aka raba da wanda take so, da matar da mijinta ya yi shekaru a ci-rani. Su ne kuwa irin matan da suke cika shafukan labaran da ake ta cece-kuce a kansu, domin sau da yawa tauraruwar tana fara haɗuwa da aljanin ne bayan wani rashi ko saki ko auren dole, kuma abin da yake fara yi mata kafin a kai ga maganar so shi ne ya zauna ya saurare ta har ta gama kukanta, ba tare da ya ce mata ta yi haƙuri ba.