Ma'anar "gungumen raino"

Gungumen raino shi ne itacen da ya faɗi a daji, aka bar shi nan inda ya kwanta har ya soma ruɓewa, ƙananan tsirrai suka mayar da shi matsuguni. Masana gandun daji ne suka raɗa masa suna mai wannan ma'ana, saboda yana riƙe wa tsiro ruwa, yana ciyar da shi daga ruɓaɓɓen jikinsa, kamar yadda mai raino take ɗawainiya da jariri. A dazuzzukan jihar Washington ta Amurka, inda ruwan sama yake da yawa ƙwarai, akan tarar da manyan bishiyoyi sun jeru a sahu ɗaya, domin dukansu a bayan gungume guda suka tsiro.

A wajenmu lamarin ya sha bamban, kuma danshi ne ummul-haba'isin komai. Wanda ya shiga dajin Falgore a watan Agusta, ya sami gungume a inuwa kusa da rafi, zai ga gansakuka ta lulluɓe gefen da rana ba ta duka, naman kaza ya keto ta cikin ɓawo, idan kuma ya danna yatsa sai itacen ya lotsa kamar soso. To amma da zarar hunturu ya kankama, sai duk wannan ya ƙeƙashe, ruɓewa ta yi sanyi, a bar gara tana shigar da ƙasa cikin itacen tana rarake shi. Shi ya sa a nan tsiro ya fi rayuwa a gefen gungume maimakon a bayansa, wato inda iska take tara ganye da ƙura da iri, ƙasa kuma take daɗewa da laima.

Irin itacen ma yana da tasiri. Kuka, da yake cikinta duk zare ne, ba ta jimawa take rugurgujewa, ita kuwa ƙirya, wadda ake sassaƙa turmi da ita, takan shekara da shekaru a kwance.

Abin da yake damuna shi ne ba kasafai muke barin gungume ya kammala aikinsa ba. Ko mai neman itacen girki ya faskare shi, ko mai gawayi ya ƙone shi, ko gobarar daji ta cinye shi da rani. Ban ga laifin magidancin da ba shi da abin hura wuta ba, amma ranar da aka janye gungume, tsiron da ya laɓe a jikinsa yakan faɗa hannun rana da awaki tun kafin damina ta zagayo.