Waiwaye: Ƙarancin man rake na 1989 da motocin Birazil na yau

Tun da Birazil ta ƙara yawan itanol, wato man da ake samu daga rake, da ake gaurayawa da fetur zuwa kashi 30 cikin 100 a watan Agustan 2025, muhawara ta sake tashi: ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 za ta ci gaba da dogaro da man rake ne, ko ta koma ga motocin lantarki? Masu kafa hujja da Birazil wajen yabon man rake kan kawo labarin kamar ba a taɓa yin tuntuɓe ba.

Farkonsa sananne ne. Mai ya yi tashin gwauron zabi a 1973, lokacin kusan kashi 80 cikin 100 na man ƙasar daga waje ake shigo da shi. Aka ƙaddamar da Proálcool, shirin gwamnati na amfani da itanol a madadin fetur, a 1975, motar Fiat 147 mai shan itanol zalla ta fito a 1979, kuma zuwa 1985 akasarin sababbin motoci irinta ne.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ƙarshen 1989. Tun 1986 farashin ɗanyen mai ya karye, fetur ya yi araha. Sukari kuwa ya yi daraja a kasuwar duniya, kuma raken da ake matsa a yi itanol shi ne dai na sukari, don haka ya bi inda kuɗi yake. Itanol ya ƙafe a gidajen mai. Mai motar da injinta bai san fetur ba sai ya kwana a layi, maƙwabcinsa mai tsohuwar motar fetur na wucewa abinsa. Ƙasar da ke alfahari da rake sai da ta sayo itanol da ɗan'uwansa metanol daga waje.

Direbobi ba su manta ba. Kafin ƙarshen shekarun 1990 motocin itanol sun kusa ɓacewa daga wajen dillalai, duk da gonakin raken jihar Sao Paulo na nan cike. A ganina amana ce ta karye, kuma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai a 2003 aka samu mafita, da Volkswagen ta fito da motar Gol mai shan fetur, ko itanol, ko haɗinsu. Yau direba kan tsaya gaban famfo ya yi lissafi: in kuɗin litar itanol bai kai kashi 70 cikin 100 na kuɗin fetur ba ya sha shi, in ya haura ya ce a zuba masa fetur.